Askin Sunan Jikan Jaji

Malam Jaji wanzami ya gama wasa askar, ya ɗaga hannunsa ya duba. Ko motsi ba ya yi. Rabonsa da ganin hannun nan tsaye cak shekara huɗu ke nan, tun da likitan ƙwaƙwalwa a Dutse ya ɗora shi a kan magani.

Maganin ya yi aiki, wannan ba musu. Masu magana a cikin kansa sun yi shiru, ya daina zagaya kasuwar Kiyawa ba takalmi yana faɗa da mutanen da ba wanda ke gani. Amma maganin ya bar shi da rawar hannu da nauyin harshe da barci kamar kasa. Wa zai miƙa wuyansa ga wanzamin da hannunsa ke kaɗawa? Kowa ya koma wurin Ɗan'inna, wanda a ganin Jaji ko riƙon aska bai iya ba.

Da cikin 'yarsa Ikilima ya tsufa, ta dawo gida haihuwar fari, sai ya yi wa kansa dabara. Sati uku yana karɓar ƙwayar daga hannun matarsa Talatu, ya yi kamar ya haɗiye, ya jefa a zabirarsa ta kayan aski. A gidansu ba a taɓa kiran wanzamin waje askin suna ba, kuma ba a kansa za a fara ba.

Yau ranar suna, Talatu ta fito da jaririn, ta zauna a tabarma ta tallafe masa kai.

"Malam, ka tabbata?"

"Duba da idonki," ya ce, ya miƙa mata hannun.

Ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi. Laushinsa kamar auduga. Ya yi bisimilla, ya ɗora askar.

Sai ya ji an kira sunansa daga bayan kunnensa, a hankali, da muryar da ya sani sarai. Kwana biyu yana jin raɗe-raɗe yana cewa iska ce. Yanzu kam ga magana tiryan-tiryan: "Ka ga wurin nan da ke bugawa a tsakiyar kansa? An sa masa wani abu a ciki. Ciro masa, Jaji. Kai kaɗai ka iya."

Madigar yaron na ɗagawa tana sauka. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, domin maganar ta yi masa kama da gaskiya, hannun kuma a shirye yake.

Ya ɗauke askar a hankali, ya naɗe, ya tura ta can ƙarshen tabarma.

"A kira Ɗan'inna," ya ce. "Hannuna rawa yake."

Matan da ke tsaye suka hau Allah sarki. Ikilima, daga bakin ƙofa, ta dubi hannun ubanta a kan gwiwarsa, ko gezau. Ta dubi fuskarsa, ta zo ta karɓi ɗanta ta rungume.

"Baba, sun dawo?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

Ya gyaɗa kai.

"Talatu, kawo mini ruwa da maganin, ki tsaya ki ga na haɗiye. Gobe ki raka ni Dutse." Ya ja numfashi, muryar na ta yi masa magiya. "In Ɗan'inna ya gama, ki ba shi zabirar ya tafi da ita."