Kanwar Suwaibatu

Likita a babban asibiti abu uku ya hana Suwaibatu da ta haihu, don ya ce zuciyarta ba ta da ƙarfi: ban da wankan jego da tafasasshen ruwa, ban da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, ban da kunun kanwa. Ya faɗa da Turanci aka fassara, ya wuce abinsa. Shi ina ruwansa, ba shi zai shiga ƙauyensu Ketare ya faɗa wa tsofaffi haka ba.

Wadda aka ɗora wa wannan jidali ita ce Malama Barakatu, ma'aikaciyar jinya da ke zagaya ƙauyuka daga Kankara a sabuwar Landiroba, irin waɗanda gwamnati ta zubo shekarar ƙarin albashin Udoji. Ta san mutanenta sarai. Ta ce wa Dada, uwar Suwaibatu, ɗiyarta ta yi haihuwar fari ba wanka? Wallahi ranar za a rufe mata ƙofa, ko gaisuwa ba za ta ƙara samu ba. Sai ta sassauta.

"Dada, wankan a yi, amma a sirka ruwan sosai. Gado da kanwa kuwa, don Allah a bari."

Dada ta dube ta sama da ƙasa. "To, mun ji."

Wannan "mun ji" bai kwanta wa Barakatu ba ko kaɗan. Da ta dawo zagaye ta tarar ƙafafun Suwaibatu sun kumbura. Ta danna da yatsa, gurbin ya zauna. Ta san zuciyar ce, akwai dokar da ake karyawa. Ta fita tsakar gida kamar mai neman ruwan wanke hannu, tana buɗe tukwane. Ta shafa ƙarƙashin gado, toka ce mai sanyi. Ta ɗanɗani kunun da ke ƙwarya, na tsamiya ne. Kai, tsohuwar nan da wayo take, ta ce a ranta, ƙarar mota take ji ta kawar da komai.

Zuwa na gaba ta sa direba ya tsaya bakin kasuwa, ta taka da ƙafa ta bi ta bayan gari. Ta faɗa gidan ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta tsoma hannu a ruwan wanka. Ɗumi ne kawai, yadda ta ce.

"Mi kike nema ne, 'yar nan?" in ji Dada. "In ɓarauniya kika ɗauke ni, ki faɗa."

Kunya ta kama Barakatu, amma zargin bai sake ta ba. A ɗaki Suwaibatu na zaune jingine da bango, ba ta iya kwanciya, numfashi na fita da ƙyar. Barakatu ta ɗaga ta don ta gyara mata zama, sai wani ƙullin tsumma ya faɗo daga zaninta. Kanwa ce, an lashe gefenta ya yi sumul.

Dada ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wa ya ba ki?"

"Ni na aika aka sayo, Dada." Ta tsaya ta ja numfashi. "Tsoron sanyi nake, kar nono ya ƙafe." Ta juyo wajen Barakatu. "Malama, da kunnena na ji likita ya ce uku. Kika zo kika ce biyu. Na ce ashe abin ana ragewa."

Haushi ya cika Barakatu, ta rasa wa za ta ji haushinsa. Ta aika maƙwabciya ta kirawo direba.

Aka kinkimi Suwaibatu a tabarma zuwa mota, jaririn na ta tsala kuka a hannun Dada. Tsohuwar da Barakatu ta yi ta bibiya kamar ɓarauniya ta riƙo mata gefen riga.

"In Allah ya tashe ta, ki faɗa mini duk abin da likitan ya ce. Duka. Kar ki rage mini komai don kina jin nauyina."