Kwamfutar Kallo ta Malam Lawal

Musbahu mutum ne mai ƙyanƙyami tun yana yaro. In ƙuda ya faɗa masa a koko, to ya haƙura da karin kumallo ke nan. Da ya girma ya samu aikin sito a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, abokan aikinsa suka yi ta tsokanarsa don yana yawo da cokalinsa a aljihu.

A daminar 2007 ya ƙudura zai haɗa wa mijin yayarsa kwamfutar kallo. Malam Lawal, mijin Yaya Asabe, ya daɗe yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa, har ranar da tankin sinadari ya fashe ya wanke shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Ya rayu, amma tafiya sai da sanda, kamfanin kuma bai jima ba ya rufe. Tun daga nan ya koma zaman falo a gidansu na Na'ibawa, daga shi sai talabijin. Na'urar faifan da suke da ita ta tsufa, faifan ma duk sun karce. Ana tsakiyar fim sai hoto ya tsaya cak, bakin ɗan wasa a buɗe, Malam Lawal ya yi ta ƙwala wa Asabe kira ta zo ta goge faifai da gefen zani.

Musbahu ya taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na yamma, ya san yadda ake haɗa ta. Ya ce wa yayarsa, "Yaya, in na haɗa muku kwamfuta na jona ta da talabijin, sai a zuba mata fina-finai da tafsiri a cikinta. Ba ku ba goge faifai."

Asabe ta ce, "In dai ba ta fi ƙarfinmu ba, Musbahu. Ka san yadda gidan yake."

Ta ba shi abin da ta samu daga adashi, ya haɗa da nasa. Da ya zaga shagunan cikin gari ya ji farashin sabbin kaya, sai ya dawo jiki a sanyaye. Wani abokin aikinsa ne ya kwatanta masa wurin Alhaji Ashafa a Bompai, mai sayen kayan kamfanonin da suka rufe a gwanjo, ya tara, ya sayar ɗaiɗai.

Ranar Asabar da hantsi ya hau acaɓa ya tafi. An yi ruwa da safe, kwatocin Bompai sun cika sun tumbatsa, ruwan wani wuri baƙi, wani wuri kore. Manyan motoci suna wucewa suna feshe mutane. Kafin ya isa, ƙafar wandonsa ta yi sharkaf da abin da bai so ya san sunansa ba.

Wurin tsohon sito ne mai rufin kwano da yake yoyo. An jibge kwamfutoci tun daga ƙasa har kusan rufi, ga warin ruma da fitsarin ɓera da ya tare shi tun daga ƙofa. Alhaji Ashafa na zaune a kan kujerar ofis mai ƙafa uku da aka tokare da bulo, yana cin balangu a takarda. Gefensa abokan hirarsa ne biyu a kan benci, wani direban tirela da wani dattijo mai gadin siton maƙwabta.

Musbahu ya gaishe su, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ka zo gida," in ji Alhaji. Ya goge maiƙon hannunsa a gaban rigarsa ya miƙo masa. Musbahu ya karɓa da ƙyar.

Suka fara da kwanon da za a zuba kayan a ciki. Musbahu yana son mai kwance, wanda zai shige ƙarƙashin talabijin. Na farkon da ya kwance, kyankyasai suka fito rututu, wani ya bi ta hannun rigarsa. Ya yi tsalle yana kakkaɓewa, mutanen benci suna ta ƙyaƙyata dariya. A na biyu ɓera ya yi sheƙa da yagaggun takardu, kuma mai sheƙar yana ciki, ya bushe. Na ukun ƙura ce kawai da tsatsa a gefe, shi ya ware.

Sai bod, wato allon da komai yake hawa kansa. Ya duba guda-guda. Yawancinsu ƙananan gwangwanayen jikinsu sun kumbura sun yi aman wani abu ruwan ƙasa. Da ƙyar ya samu ɗaya mai lafiya da ƙwaƙwalwarsa, Fentiyom fo, a jikinsa. Ya nemi ram, 'yan siraran allunan da ke ƙara wa kwamfuta sauri, Alhaji ya ɗebo daga wata robar fenti, ya zaro ɗaya ya ga bakinsa ya dafe, sai ya lashi babban yatsansa ya murje shi da yawu.

"Ga shi nan fes. Wannan daga ofishin manaja ya fito."

Musbahu ya sa leda ya karɓa.

Abin da ya fi damunsa katin hoto ne, don dole sai mai ƙofar da wayar talabijin za ta shiga. Ya tona kwali bayan kwali har ya samu wani ƙarami marar fanka, ya ji daɗi, don ba ya son ƙara ta dami Malam Lawal yana kallo. Ya zaɓi fawa mai nauyi, wato akwatin da ke raba wa kayan wuta, ya shinshina bai ji ƙauri ba. Ya ɗauki na'urar karanta faifai da wasu lasifikoki biyu. Duk wannan lokacin Alhaji na tsaye a kansa yana susar kunne da sukudireba, in ya zaro ya duba bakinta ya goge a jikin kwali.

Saura had-dis, rumbun da za a tara fina-finan. Musbahu ya ce yana son babba, kuma sai an gwada a gabansa.

Alhaji ya dubi mutanen benci ya yi murmushi. "Akwai wani na musamman. Wannan da kallonsa ma a ciki."

Direban ya miƙe yana gyara wando. "Alhaji, na asibitin nan? Sa mana, sa mana."

Musbahu ya zaci finafinan banza ne, har ya buɗe baki zai ce ba ya so, a goge kawai. Aka tayar da ƙaramin janareta, aka jona rumbun da wata kwamfuta da ke kan tebur. Alhaji ya danna.

Ba fim ba ne. Hotuna ne na ma'aikatan da suka ji rauni, waɗanda ɗakin shan magani na wani kamfani ya riƙa ɗauka yana ajiyewa. Hannun da inji ya murƙushe. Bayan wani mutum da fata ta saɓule. Kowane hoto da fuskar mai shi a fili. Mutanen nan uku sun san su ɗaya bayan ɗaya, har sun raɗa musu sunaye.

"Ga Ɗan Dungu nan!" in ji direban. "Wuce, wuce, kai mu wurin Kilishi."

Dattijon mai gadi, da carbi a hannunsa, ya matso yana leƙe ta kafaɗar Alhaji.

Hoton ya buɗe. Mutum ne kwance a gadon asibiti, ba sutura a jikinsa ko ƙyalle, daga ƙugu zuwa ƙasa jajir. Ya juyar da fuskarsa gefe ya runtse ido, amma Musbahu bai buƙaci ya ƙara dubawa ba. Ya san kunnen, ya san tabon sallar, ya san gemun.

Direban yana cewa, "Ka duba nan wurin, Malam, ka duba…" yana nuni da yatsa a jikin gilashin.

Musbahu ya fita da gudu ya durƙusa a bakin kwata. Duk abin da ya ci da safe ya dawo. Ya daɗe a nan yana kakari, ruwan kwatar na wucewa ƙarƙashin fuskarsa. Da ya miƙe ya sayi ruwan leda ya kurkure baki, ya koma ciki.

"Mijin yayata ne," ya ce. "Shi zan haɗa wa kwamfutar."

Mai gadi ya koma benci ya ci gaba da jan carbinsa. Alhaji Ashafa ya kashe hoton ya girgiza kai.

"Allah Sarki. Ashe yana da rai? Allah ya ba shi lafiya." Ya zare rumbun yana jujjuya shi a hannu. "To ai kai ya fi dacewa ka saya. Sai dai ka san wannan ba kamar sauran ba ne, mutane suna nemansa."

Ya faɗi farashin da ya ninka na kowane rumbu a wurin. Musbahu ya tsaya yana kallon maiƙon da ke leɓen mutumin. Ransa ya ba shi ya watsar da komai ya fita, amma ya san babu inda zai samu kayan nan da abin da ke aljihunsa. Sanin hakan ya sa ya ji ƙyanƙyamin kansa ma. Ya ture lasifikokin gefe, ya mayar da na'urar faifan inda ya ɗauko ta, ya ɗauki wani tsohon rumbu ƙarami a madadin babba, sannan ya biya har da na hannun Alhaji.

"Ku ara mini guduma."

A bakin ƙofa ya ɗora rumbun hotunan a kan bulo ya yi ta dukansa har ya lotse, ya fashe, abin cikinsa ya tarwatse. Yana haki ya ɗago, sai ya ga direban tsaye yana kallonsa da waya a hannu.

"Malam, ka yi asara a banza. Ai tun tuni muka tura a wayoyi. Kowa a tasha yana da shi."

Musbahu ya ajiye gudumar. Ya rungumi kwalinsa ya tari acaɓa.

A tsakar gidan Na'ibawa ya shimfiɗa buhu ya baje kayan. Ya samo sifirit da tsohon buroshin haƙori ya shiga wanke su ɗaya bayan ɗaya, ram ɗin nan ya wanke shi ya fi a ƙirga. Malam Lawal yana barcin rana a falo. Asabe ta fito daga kicin ta tsaya a kansa.

"Lafiya kuwa? Fuskarka kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ina lasifikar da ka ce?"

Bai yi niyyar faɗa mata ba, amma maganar ta fito da kanta, a hankali, kansa a sunkuye. Da ya gama ya jira ta yi kuka ko salati. Sai ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna.

"Na gani," ta ce. "Tun kafin azumin bara. A gidan suna wata ta miƙo mini waya, wai in ga abin tausayi. Ba ta san ni ce matarsa ba."

"Yaya! Me kika ce mata?"

"Me zan ce? Na miƙa mata wayarta na ce Allah ya kyauta. Na kasa cin tuwon sunan, na taho." Ta dubi ƙofar falo ta rage murya. "Bai sani ba, Musbahu. Kuma ba daga bakinka zai ji ba."

Ya gyaɗa kai. Ta ɗauki kwanon kwamfutar ta duba tsatsar jikinsa, ta tashi ta ɗebo toka da soso ta zauna tana dirza.

Bayan la'asar ya gama ɗaure komai. Ya kai falo ya tura ƙarƙashin talabijin, ta shige daidai. An yi sa'a akwai wuta. Ya jona waya ya kunna, ya sa wani fim ɗin barkwanci da ya kwaso daga wurin abokinsa a filas, ɗan ma'ajin da ake sokawa a kwamfuta. Hoto ya fito, amma fari da baƙi.

Malam Lawal ya gyara zama ya nuna da sandarsa. "Musbahu, wannan ai talabijin ɗin kakanmu ka dawo mana da ita."

"Yi haƙuri, Yaya Lawal, saiti ne."

Ya durƙusa ya yi 'yan danne-danne, launi ya dawo. Sautin ta lasifikar talabijin yake fita, siriri, amma ana ji. Ɗan wasan ya faɗa cikin kwandon tumatir, Malam Lawal ya fashe da dariya har yana tari, yana kiran Asabe ta zo ta gani.

Musbahu ya ce musu rumbun ƙarami ne, fim kaɗan zai ɗauka, sai dai duk mako ya zo ya goge tsofaffi ya zuba sabbi. Malam Lawal ya ce hakan ma ya fi, ko ba komai za su riƙa ganinsa. Asabe ta ce ya tsaya ya ci abinci. Ya ce sai wani zuwan, ya nemi sabulu da bokiti ya shige banɗaki.