Ɗinkin Dunna

"Riƙe mata kai, Talatu, ba za ta cije ki ba."

Na riƙe, amma fuskata a ɗaure. Ni da ko giftawar kare ba na so, ga ni durƙushe a zauren maƙwabcina Baba Ɗantsoho, ina tallafe da kan karyarsa Dunna. Koko kawai na kawo masa, kamar yadda na saba tun da jiki ya ƙi masa. Ya tsoma auduga a ruwan ɗumi mai gishiri, ya shiga goge gefen ɗinkin da ke cikinta a hankali.

Gadin manyan motoci ya yi a Maigatari shekara da shekaru, karyar nan tana gefensa, kafin ya dawo gida Gumel. Da ya ji ƙarfinsa na ƙarewa sai ya sa aka kai ta wurin likitan dabbobi aka cire mata mahaifa. Unguwa ta ɗauka, wai tsoho ya bar neman lafiyarsa ya koma yi wa karya aiki. Shi ko a jikinsa. Ya ce mini duk haihuwar da ta yi, yara ne ke kwashe 'ya'yan su watsa a kududdufi, ita kuma a bi ta da jifa. Yana raye ma ke nan. Ya fasa gindin tsohuwar ƙwarya ya zura mata a wuya don kada ta lashi wurin.

Muna cikin haka ɗansa Halliru, direban babbar mota, ya shigo da baƙin mai a gwangwani. Ya ce da shi suke busar da gyambon jakuna a tasha. Tsohon ya ce likita ya hana a shafa komai. Halliru ya yi tsaki, ya ce shi dai ƙarshenta zai saka ta a mota ya sake ta a dajin Gagarawa, kowa ya huta.

"In na mutu ka yi," in ji Baba Ɗantsoho. "Yanzu dai ban mutu ba."

Ya rasu da hantsin wata Alhamis, ba a kai ga cire zaren ba. Na yi kuka fiye da yadda na zata.

Da aka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a zauren. Halliru ya ɗaure Dunna a bayan gida, ya cire ƙwaryar wai abin kunya ne a gaban baƙi, ya kuma lafta mata man nan nasa. Washegari na jiyo kukanta ƙasa-ƙasa. Na tarar ta lashe wurin har ya kumbura, ɗinkin ya fara buɗewa, ƙudaje sun yi masa caa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kwance igiyar, na sungume ta, na ratso ta tsakiyar masu zaman makoki, baƙin mai yana ɓata mini mayafi.

"Inna Talatu, mutane fa na kallo," Halliru ya ce a hankali. "Da kayan nan za ki yi salla?"

"Akwai ruwa a gidana. Motarka kuma ta tafi Gagarawa ba ita."

Wani dattijo ya janye ƙafarsa ya ba ni hanya.

Na wanke man tas, na nemi wata ƙwaryar, na aika aka kira likitan ya sake ɗinkewa. Ya yi faɗa, na bar shi ya yi, don yana da gaskiya. Matan unguwa suka rage shigowa gidana, ni kuma ban je bikon kowa ba.

Wurin ya warke, gashi ya fara tsirowa inda aka aske. Yanzu a gindin darbejiyar tsakar gidana take wuni. Duk lokacin da wani tsoho ya yi tari a kan layi sai ta ɗaga kunne ta saurara, sannan ta mai da kai kan ƙafafunta.