Wanda Ya Riga Kowa Isa Agadas

"Tsaya nan," in ji Baba Yacouba. "Sauko ka ba ni."

Mun bar Riyadh da wajen kilomita arba'in, da safiyar Juma'a, a cikin farar akori-kurar kamfanin da nake wa tuƙi a unguwar Sulay. Maƙwabcina ne a unguwar Manfuha, shekara shida ƙofarsa na kallon tawa. Kwana huɗu ke nan da likita ya sallamo shi, ya ce zuciyar ta gaji, a bar shi ya huta. Shi ya roƙe ni in fito da shi ya sha iska.

"Baba, lasisinka ya mutu tuntuni. In kafil, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ji na ba wani motar nan, sai dai in haɗa kayana."

"Kafil ɗinka barci yake, Nafiou. Dubi filin can, ko raƙumi babu."

Duk gidanmu an san labarinsa, amma ba kowa ya yarda ba. Yana saurayi bakanike ne a Damagaram. Turawa suka zo da tseren motoci zuwa Agadas, baturen direban da yake wa gyara ya kwanta da zazzaɓi, shi kuwa ya shiga Fijo ɗin ya ja. Ya ce ya isa, ya yi wanka, ya sha shayi, kafin mota ta biyu ta bayyana. Sai dai sunan baturen aka rubuta, don shi ne a takarda. A nan Riyadh kuma shekara talatin yana gyaran birkin manyan motoci. In ya fara labarin, mutanen gidan sukan ce, "Sarkin gudu, yalla, maza ƙara mana!" su yi ta dariya.

Na dube shi. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashinsa na fita da ƙyar. Na sauko.

Ya ɗauki lokaci kafin ya zagayo. Amma da ya dafa sitiyari, sai ya gyara zama kamar ba shi ba ne marar lafiya. Ya gangara daga kwalta zuwa wani fili mai tauri, ya saurari injin, ya ce, "Filoginka ɗaya ya kusa mutuwa." Sannan ya taka totur.

Shekara goma sha biyar ina tuƙi, ban taɓa jin an canza giya haka ba, ko gizo motar ba ta yi. Allurar gudun motar ta wuce ɗari, ta wuce ɗari da talatin. Gaba ga wani tudun yashi. Na riƙe ƙofa ina salati. Bai taɓa birki ba. Ya ɗan karkatar da sitiyari, bayan motar ya zame gefe, muka kewaye tudun kamar an ja mu da igiya. Da na juyo, dariya yake, bakin nan ba haƙora.

Ya tsaya a hankali, ya kashe injin. Ya daɗe yana haki.

"Ka gani?"

"Na gani, Baba."

"To, khalas, shi ke nan. 'Yata Sahadatou tana Maradi. Ita ma ba ta yarda ba, kunya ce kawai ba ta barinta ta faɗa. In ta tambaye ka, ka gaya mata."

Ran Litinin na dawo cin abincin rana, na kai masa kunu. Na same shi zaune a kan darduma, ya jingina da bango, fanka na juyawa a kansa. Ya riga ya cika.

Ni na kira Sahadatou. Bayan ta yi kuka ta natsu, ban jira ta tambaya ba. Na ba ta labarin filin, da allurar, da tudun yashin. 

"Malam Nafiou, don Allah da gaske?"

"Wallahi da idona."

"Allah sarki Baba," ta ce. "Maimaita mini."

Na maimaita.

Kashegari bayan la'asar aka yi masa salla. Mu goma sha ɗaya muka kai shi, har da 'yan Sudan biyu daga garejinsa. Da aka gama rufewa, ɗaya daga cikinsu ya durƙusa ya daidaita ƙasar da tafin hannunsa mai baƙin mai, ya yayyafa ruwa. Muna tsaye har ruwan ya bushe.