Akayau a Ƙafar Yero

A shekarar da aka samu mulkin kai, bayan an kai gero rumbu, samarin Kurfi suka aiko wa na Kutawa goron gayyatar langa. Ɗan aiken bai ko zauna ya sha ruwa ba. Ya ce Sodangi, ƙaton 'yan langar Kurfi, na gaida Ilu, wai ya zo da idonsa.

Ilu shi ne ruwan Kutawa, wato wanda ake so ya keta fili ya kai masha, wurin da in ya taɓa an ci wasa, sauran samari kuwa dawakai ne masu kare shi. Ido ɗaya gare shi, na dama. Agana ta tafi da na hagu tun yana goye. Amma a fili sai ka rantse har a ƙeya yana da ido. Ba ya waiwaye. Da kunne da tsikar jiki yake sanin inda da'irar dawakansa ta matse da inda ta ɓule, ya ɗan ja baya, ya zame, ya wuce. Sirrin kuwa amininsa Yero ne, wanda ke ɗaura akayau irin na 'yan rawa a ƙafar da yake tsalle da ita. Muddin Ilu na jin kacau-kacau ta hagu, ya san gefen da ba ya gani a tsare yake.

Bara, a gaban 'yan matan Kurfi, Ilu ya goce wa Sodangi, ƙaton ya tafi da ƙarfinsa ya kifa cikin kashin jaki. An yi masa waƙa a kai. Mutum irin Sodangi kuwa ba ya manta waƙa.

Ranar tafiya Zinariya, mahaifiyar Ilu, ta tsaya a bakin zaure.

"Kak ka tahi," ta ce. "Ido guda ya rage maka, ɗan nan. Wanga saƙo ba na wasa ba ne."

"Inna, in na zauna, da wace fuska za ni shiga kasuwar Dutsin-Ma?"

Ta juya ga Yero. Ta kafe shi da ido har ya sunkuyar da kai.

Sun isa Kurfi bayan la'asar. Dandali ya cika, amma babu irin ihun da aka saba, sai kalangu ɗaya da ake bugawa a hankali. 'Yan mata ma sun yi tsit. Sodangi na tsaye can gefe yana shafa wa gwiwar hannunsa man shanu, abin da ba wanda ya taɓa ganin ɗan langa ya yi. Yero ya ƙura wa gwiwar hannun ido.

Kutawa suka yi shawara irin wadda suka saba, kuma a nan suka tafka wauta. Tunda an ce Sodangi na neman Ilu, suka tara ƙarfafan dawakansu duka ta hagu, gefen makanta. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa me Sodangi zai yi da mataccen ido. Ga shi Ilu da hannun dama yake riƙe ƙafarsa ta baya, don haka babu hannun da zai kai wa ido mai gani ɗauki.

Aka shiga. Ƙura ta tashi, kafaɗu suka haɗu, masu sakin ƙafa suna ta fita. Ilu na tsakiya yana tsalle a natse, akayau na amsa masa ta hagu. Sai ya ji abin bai yi masa ba. Turin da ke zuwa ta hagu ya yi sauƙi da yawa, kamar ana jan dawakansa ne can nesa da shi. Ta dama kuwa fili ya buɗe fetal, ga masha ana hangowa. Ilu ya san ba a ba mutum hanya haka kawai, amma jiki ya riga hankali, ya faɗa cikinta.

Nan take ya daina jin akayau ta hagu. Tun da suka fara langa tare bai taɓa jin wannan shirun ba, tsoro ya kama shi. Ƙarar ta gilma ta bayansa da sauri, ta ɓullo ta dama, daidai lokacin da inuwar Sodangi ta rufe masa rana. Ya ji tim, irin ƙarar taɓarya a cikin turmi. Ba a jikinsa ba.

Bai waiwaya ba, haka aka koya masa. Ya yi ta tsalle har ya dafa kututturen da aka yi masha da shi. Mutanen Kutawa suka ɗauki sowa, "Ruwa ya sha!" Sai sowar ta mutu a bakinsu.

Sodangi na kwance a ƙasa. Yero kuwa na nan tsaye kan ƙafa ɗaya, bai saki ɗayar ba, jini na kwarara daga idonsa na dama, inda gwiwar hannun Sodangi ta sauka, har wuyan taguwa.

"Ilu ya sha?" ya tambaya.

"Na sha, Yero. Saki ƙafar."

"Idonka fa?"

Kuka ya ƙwace wa Ilu.

Wanzamin Kurfi ya duba, ya girgiza kai, ya naɗe wurin da ƙyalle. Dattawa suka ce maganar Sodangi sai a gaban alƙali. Washegari da hantsi suka kama hanyar gida. Yero na ta karo da reshen ƙaya, don bai saba da rabin duniya ba tukuna. Ilu ya durƙusa ya kwance akayau daga ƙafarsa, ya ɗaura a tasa, ya koma ta damansa.

Daga bakin zaure Zinariya ta jiyo kacau-kacau tun kafin ta hango su, ta kuma gane cewa wannan ba takun Yero ba ne.