Sawun Fensirin Keturah

Da ƙarfe goma na safiyar Litinin, Janelle Hostetler ta kwantar da jaririyarta, ta ture kwanukan karin kumallo gefe, ta jawo littafin aikin Tabitha don ta duba darasi na ɗari da sha takwas. Teburin kicin shi ne ajinsu. Tun Tabitha tana shekara biyar a nan take karatu, kamar duk yaran cocinsu, kuma yanzu ta kai takwas, tana aji uku.

Littattafan ba nasu ba ne. Akwati ɗaya ake ba kowane gida a watan Agusta, daga hannun Rhoda, yayar Curtis mijin Janelle, wadda ta karantar da 'ya'yanta shida da waɗannan littattafan. A ciki akwai littafin malama mai darasi ɗari da tamanin, wanda ya rubuta wa uwa har kalmar da za ta faɗa, sai littattafan aiki na yara. Doka ɗaya Rhoda ta kafa: da fensir kawai ake rubutu, kuma ba a dannawa. In shekara ta ƙare, matan sukan taru a ɗakin ƙasa na coci, kowacce da magoginta, su goge shafi bayan shafi suna hira, a miƙa akwatin ga na baya. Wanda ke hannun Janelle, Keturah autar Rhoda ce ta yi amfani da shi shekara huɗu da suka wuce.

Darasin ranar ya ce yaro ya rubuta jimla uku game da dabbar gidansu. Tabitha ta cika layukan da rubutu mai kyau, kamar kullum. Janelle ta karanta.

Karenmu sunansa Buster. Ido ɗaya gare shi. Yana satar man shanu.

Ta sake karantawa. Ba su taɓa ajiye kare ba. Kyanwa gare su da kaji sha ɗaya. Buster kuwa karen gidan Rhoda ne, kuma motar ɗaukar madara ta take shi tun Tabitha ba ta yi wayo ba.

Janelle ta buɗe shafin gobe, wanda ba a taɓa ba. Ta kalle shi a kan tebur, fari ne. Ta kai shi bakin taga ta karkatar da shi, hasken dusar ƙanƙara ya kwanta a kai, sai ga amsoshin duka sun fito, kowane harafi da ɗan raminsa a jikin takarda. Ashe Keturah mai danna fensir ce. Magogi ya ɗauke baƙin, sawun yana nan.

"Tabby, zo nan."

Yarinyar ta shigo daga falo da safa a ƙafa ɗaya. Janelle ta zaunar da ita a cinya, duk da ta yi girma da hakan, ta ɗauko takardar da ta rubuta jerin cefane ta ajiye a gabanta.

"Karanta mini na farko."

Tabitha ta kalli takardar, ta kalli taga. "Madara," in ji ta.

"Ba madara ba ce. Duba dai a hankali, ba sauri muke ba."

"Burodi?"

Albasa ce. Janelle ba ta faɗa mata ba. Ta nuna harafin farko, yarinyar ta san shi. Ta nuna na biyu, ta san shi. Da ta ce ta haɗa su, sai Tabitha ta fara kuka.

"Mama, ba sa tsayawa. In na kama na gaba, na baya ya tafi."

"Tun yaushe kike bin rubutun Keturah?"

"Tun littafi mai ja."

Littafi mai ja na aji biyu ne. Shekarar ce Janelle ta yi laulayi wata biyar tana kwance, sannan ta haihu, kuma shekarar ce littafin malama ya fara cewa a bar yaro ya yi aiki shi kaɗai na minti ashirin. Ta bar ta. Takan dawo ta tarar da shafi a cike, ta yi hamdala, ta koma wanki. Karatun baki kuwa, Janelle ce ke fara karanta labarin kamar yadda littafin ya ce, Tabitha ta maimaita, kuma yarinyar tana da kunne. Abin da ta ji sau ɗaya ya zauna.

"Za ki gaya wa Gwaggo Rhoda?"

"Je ki nemo ɗaya safar," in ji Janelle.

Saura mako tara jarrabawar 'yan aji uku da dokar jiharsu ta tanada. Ba uwa ke ba da ita ba, kuma takardar sabuwa ce fil, babu wanda ya taɓa rubutu a kanta. Rhoda ce ke zama da yaran ranar, don ita ce mai takardar shaidar malanta, kuma ita ce ke sa hannu a kan aikin kowane yaro a ƙarshen shekara.

Da azahar Curtis ya dawo cin abinci daga wurin yankan katako, garin itace a gashin girarsa. Janelle ta zuba masa miyar kaza da taliya, ta jira ya yi cokali uku, sannan ta ajiye littafin a gabansa ta karkatar. Ya daɗe yana kallo, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Wannan ai wayo ne. Ni da na san wannan dabarar da ban sha dukan cokalin Yaya ba."

"Baban Tabby, 'yarka ba ta iya karatu ba."

Dariyar ta tafi. "To ki gaya wa Yaya mana."

"In na gaya mata ka san abin da za ta ce."

Ya sani. Za ta ce a kawo yarinyar teburinta kowace safiya. Haka ta yi wa Lois, matar ƙanin mijinta, da 'yarta ta kasa lissafi. Wata ɗaya aka ce, yau shekara uku ke nan Lois tana kai yarinyar ƙofar kicin ɗin Rhoda da ƙarfe takwas, ta juya ta koma gida ita kaɗai, kuma a taron da matan coci ke yi ranar Talata ba a ƙara tambayar ta ra'ayinta a kan komai ba.

"Na taɓa ganin wani tsari a laburaren gari," in ji Janelle. "Na yaran da haruffa ke yi musu yawo ne. Da sauti ake farawa, yaro yana rubutu da yatsa a faranti mai yashi."

"Wani tsari, Yaya tana raye? To bari in fara neman wani aikin tukuna." Injin katakon na mijin Rhoda ne. Curtis ya faɗi maganar da wasa, amma bai ɗago daga kwano ba.

"Makarantar gari fa? Suna da malama ta irin wannan."

"Janelle."

Ya gama, ya sumbaci kan jaririya, ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi.

"Ke kika fi ni sanin karatu," in ji shi. "Duk abin da kika yanke, kada dai a ji kanmu."

Talata ita ce ranar haɗuwa. Gidaje bakwai suka hallara a ɗakin ƙasa na coci, mai ƙamshin kofi da jiƙaƙƙun takalma. Kowane aji yana kan darasi ɗaya a duk gidajen, don haka in yaro ya koma baya, sai ya koma teburin ƙanana, kowa yana gani. Yara suka tafi waƙa a ɗayan ɗakin, matan suka zauna da littattafai a gabansu. Rhoda tana bi ɗaya bayan ɗaya, tabarau a ƙarshen hanci, tana taunar alewar tari.

"Lois, kin kawo kek ɗin nan naki mai karya haƙori?"

"Yaya, bara uku kika ci."

"Don kada ki ji kunya ne." Aka yi dariya. Ta iso kan Janelle, ta ɗauki littafin Tabitha ta buɗe tsakiya. "Ku zo ku ga rubutu. Kai, 'yar nan jininmu ce. Dubi yadda take lanƙwasa wutsiyar harafi, sak Keturah. Amaryar Curtis, da farko na ce ba za ki iya ba, ga shi kin ba ni kunya."

Shekara goma da auren, har yanzu amaryar Curtis take ce mata. Janelle ta yi murmushi, ta ji matan suna cewa madalla, ta karɓi littafin ta sa a jaka. Ta lissafa a ranta cewa in ta yi shiru, tana da mako tara ba mai taɓa ta. Ta kuma ga Tabitha zaune a wannan ɗakin ranar jarrabawa, da farar takarda a gabanta, tana karkatar da ita tana nema, Rhoda tana tsaye a kanta.

Da aka tashi, ta ɗaure jaririya a kujerar mota, ta ce wa Tabitha ta shiga ta rufe ƙofa. Ta taka cikin ƙanƙarar da ta fara narkewa zuwa inda Rhoda ke loda kujerun yara a bayan motarta.

"Yaya, ina son littafi na ɗaya," in ji ta, don ta sami hanyar buɗe zancen.

"Yana gidan su Brubaker sai Yuni. Me za ki yi da shi, jaririyar ce za ta fara?"

Janelle ta fito da littafin, ta buɗe shafin da ba a yi ba, ta karkatar da shi ga rana. Rhoda ta gyara tabarau. Ta juya shafi, ta sake juyawa, ta koma baya har ta kai kan Buster. Alewar ta tsaya a kumatunta.

"Sau nawa na ce wa Keturah ta daina danna fensir," in ji ta a hankali. Ta rufe littafin. "Nawa ta iya?"

"Haruffa. Ba ta haɗa su."

"Shekara biyu kina zaune da yarinya a tebur ɗaya."

"Haka ne."

"Ni ma na sa hannu a kan aikinta bara." Rhoda ta kalli cocin, inda Lois ke kulle ƙofa. "To, abin da ya faru ya faru. Daga gobe ki kawo mini ita ƙarfe takwas. Zan karɓo littafi na ɗaya, mu bi shi daga farko, darasi uku a rana. Yara shida na fitar da shi, bai taɓa ba ni kunya ba."

"Yaya, ta riga ta bi littafi na ɗaya. Ni na bi da ita, ban tsallake ko layi ba, lokacin kuma lafiyata ƙalau. Bai shige ta ba." Muryar Janelle ta yi ƙasa, amma ba ta tsaya ba. "Akwai wani tsari a laburare. Ina so in gwada shi, ni da ita, a gida."

"Wani tsari."

"E."

"Na mutanen da ba su san mu ba, ba su san abin da muke koya wa 'ya'yanmu ba."

"Haruffa ne kawai, Yaya. Da yashi a faranti."

Rhoda ta tura kujera ta ƙarshe cikin mota ta buga ƙofa. Ta daɗe tana neman makulli a aljihun rigar sanyinta.

"Curtis ya sani?"

"Ya ce kada a ji kanmu."

"Shi ke nan aikinsa tun yana yaro." Ta sami makullin. "Mako huɗu. Ki yi wasan yashinki. Ranar Talata ta huɗu zan zaunar da ita ni da kaina, in ba ta shafin da na zaɓa. In ta karanta, ban ga komai ba, ban ji komai ba. In ba ta karanta ba, ƙarfe takwas, kuma ba na son kuka a ƙofata."

"Mako shida."

"Huɗu, Janelle. Jarrabawar ba ni na sa ranarta ba. Kuma a nan coci tana nan a teburin aji uku da littafinta a hannu, kada in ji zancen yashi a bakin kowa."

Janelle ta ce to. Ta san mako huɗu ba ya gyara shekara biyu, ta kuma san babu wani abin da za a ƙara mata.

A hanyar gida jaririya tana ta tsotsar hannu. Sun wuce gonar su Brubaker, sun wuce gada, sannan Tabitha ta yi magana daga baya.

"Gwaggo ta yi fushi?"

"Kaɗan. Da ni, ba da ke ba."

"Can za a riƙa kai ni?"

"Ban sani ba tukuna, Tabby. Ya danganta da aikin da muka yi ni da ke."

Gaba kaɗan akwai wani allo da wani manomi ya kafa a bakin hanya, ya rubuta da jan fenti cewa yana sayar da ƙwai. Janelle ta rage gudu ta sauka gefen titi, ta tsaya daidai inda yarinyar za ta gan shi ta taga.

"Kada ki faɗa mini sunan harafin. Faɗa mini yadda yake kuka."

Tabitha ta manna goshi a gilashi. Ta fitar da sautin farko, daidai. Ta kai kan na biyu ta tsaya, leɓɓanta suna motsi. Wata babbar mota ta wuce ta watsa musu ruwan ƙanƙara, jaririya ta fara ƙananan kuka, ga kuma naman da Janelle ta bari a murhu tun safe. Ta kashe injin motar, ta juya a kujerarta.

"Sake daga farko," in ji ta. "Ina jin ki."