Bishiyar Masu Hawa

Shekara ashirin da shida ke nan Delphine Roberge tana riƙe da mil huɗu na hanyar da ke hawa tsaunin Corliss, daga wurin ajiye motoci na gindin tsauni har zuwa titin tsakuwa da ya ratsa ta can sama. Aikin sa-kai ne. Ƙungiyar masu kula da hanyoyin gandun daji ce ke raba wa mutanenta yanki-yanki, kowa ya ji da nasa: ya yashe magudanar ruwa, ya yanke bishiyar da ta faɗi ta tare hanya, ya sabunta shuɗin fentin da ake shafawa a jikin itatuwa don masu yawo su san inda suka dosa. Tabo ɗaya, miƙe abinka. Tabo biyu, ɗaya bisa ɗaya, akwai kwana a gabanka.

To bana sai ga ƙorafi har biyu a kan yankinta. Na farko wani ɗalibi ne, na biyu wata mata da karenta, wadda ta yi awa biyar tana bulayi a kurmi kafin ta faɗo kan titi duk jikinta laka. Cikinsu babu wanda ya iya faɗin inda ya saki hanya. Ita kuwa dokar ƙungiya ba ta da kwana-kwana: ƙorafi ya kai biyu, shugaban hanyoyi zai zo ya bi yankin tare da mai shi, in an samu laifin daga wurinsa ne, a karɓe a ba wani.

Delphine ta ji haushi ƙwarai. Ita da ta san kowace saiwa a hanyar nan! Sau biyu ta je ta duba da idonta, ta tarar da fentinta ras a kowace bishiya, ta dawo tana cewa mutanen yanzu ne ba sa ɗaga kai daga waya. Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, duk zuwan nan daga sama take gangarowa. Shekara biyu ke nan tun da likita ya ce zuciyarta ba ta son hawa, maƙwabciyarta ce ke kai ta titin sama a mota, ta biyo gangara tana aikinta har ƙasa. A ganinta hanya ai hanya ce, ko ta ina ka biyo ta.

Ranar Asabar ta ƙarshen Mayu, da hantsi, ta tarar da Orrin Tuttle, shugaban hanyoyin, yana jiranta a wurin ajiye motoci na ƙasa. Ita ta koya masa riƙon zarto tun yana saurayi, yanzu ga shi da furfura a gemu da takarda a hannu. Kusa da shi wani dogon mutum ne cikin sabon takalmi, yana ta kora ƙudajen cizo da hularsa.

"Delphine, ga Wendell Szabo. Watan jiya ya shiga ƙungiya, shekara talatin yana raba wasiƙu a birni. Bai taɓa taka tsaunin nan ba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Wannan takalmin jiya ka saye shi ko shekaranjiya?"

"Jiya, Madam," in ji Wendell, yana dariya.

"To Allah ya ba duga-duganka haƙuri."

Ta san abin da ya sa aka kawo shi. Haka ake gwajin: baƙon da bai san wurin ba shi ke gaba, ba taswira, fenti kawai zai bi. Mai yanki yana baya, kuma ba ya cewa uffan, ko tari ba a so ya yi.

"Kin dai tuna ƙa'idar," in ji Orrin.

"Kai yaron nan, ni za ka tuna wa? Ina cikin waɗanda suka kafa ta."

Suka kama hawa. Rabin mil na farko ba laifi, hanya ta bi gefen rafi a ƙarƙashin manyan itatuwa, ruwan ƙanƙarar da ta narke yana ta ƙugi a kan duwatsu. Daga nan ƙasa ta fara miƙewa tsaye. Delphine ta ji ƙirjinta ya ɗaure kamar an ja igiyar buhu. Sai ta shiga dabara: duk magudanar da suka iske, ta tsaya ta sa sandarta tana tone ganye, ko da kuwa tas take. Orrin yana gani, ya kau da kai. Wendell kuwa bakinsa bai huta ba, yana ba su labarin karnukan da suka bi shi a unguwanni, yana tsayawa gaban kowane tabo ya ce, "Yawwa, ga wani."

Ita ma tana kallon tabban, kuma abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Ta wannan fuskar fentin ya koɗe, wani ma sai ka matso kafin ka gane shuɗi ne. Amma dai ana gani, Wendell bai kuskure ko ɗaya ba. Ta ce a ranta, in dai wannan ne, gyaran yini guda ne.

Mil ɗaya da rabi daga ƙasa, bayan an tsallake rafin, hanya tana yin kwana hagu ta haye wasu duwatsu. A daidai wurin kuma akwai tsohuwar hanyar masu yankan katako, mai faɗi, shimfiɗaɗɗiya, ta miƙe sambal cikin kurmi. Wendell ya iso, ko waiwaye bai yi ba, ya miƙe ya bi ta masu katako yana ci gaba da labarin wani kare mai ido ɗaya.

Delphine ta buɗe baki, ta rufe. Kai, ranar ta san wuyar ƙa'idar da ta kafa! Tana tsaye tana haki, tana kallon bayan mutumin yana ƙara nisa. Sai da ya yi taku hamsin sannan Orrin ya ɗaga murya.

"Wendell! Dawo haka nan."

"Makaho ka kawo mini?" in ji Delphine. "Ga tabo biyu can a jikin waccan babbar, da hannuna na shafa su watan nan!"

"Ina?" in ji Orrin.

Ta ɗaga sanda za ta nuna, sai hannunta ya tsaya. Bishiyar tana nan, amma ɓawonta fes, babu ko ɗigo. Ta taka ta zagaya bayanta. Ga su nan kuwa, biyu, shar da su, suna kallon sama, suna jiran mai gangarowa.

Duk wanda ya taɓa riƙe buroshi a ƙungiyar nan ya san dalilin da ya sa ake shafa fenti sau biyu, sau ɗaya kana hawa, sau ɗaya kana sauka. Itacen da idon mai hawa ke faɗawa a kai daban, na mai sauka daban. A kwanar nan, bishiyar masu hawa wata siririya ce mai farin ɓawo da ke tsaye a dama. Delphine ta juya tana nemanta. Sai kututture ta gani, da guntaye huɗu a jere a gefen hanya, ciyawa ta fara rufe su.

Wendell ya dawo yana share gumi. Da ya ga inda suke kallo, sai ya sa sabon takalminsa ya mirgina guntu ɗaya. A ƙarƙashinsa, cikin danshi da ƙwari, ga tabo biyu na shuɗi.

"Lah, ga su nan ashe," in ji shi da murna, kamar ya tsinci wani abin kirki.

Orrin ya durƙusa ya shafa bakin yankan da yatsa. "Wannan zartonki ne, Delphine."

Nata ne mana. Ta tuna ranar sarai: iskar Nuwamba ta bara waccan ta kayar da itacen ya gitta hanya, ta iso daga sama, ta yanka shi gida huɗu, ta ture gefe, ta wuce tana yaba wa kanta. Fuskar da ke da fenti tana ƙasa, ita kuma ba ta rasa komai ba, don tabonta na sauka yana nan a inda yake.

"Wendell," in ji Orrin, "don Allah koma rafi ka jiƙa mana wannan ƙyallen." Da mutumin ya yi nisa sai ya rage murya. "Yaushe rabonki da hawowa daga ƙasa?"

Ta zauna a kan kututturen. Ƙarya ta zo mata har baki, amma numfashin faɗinta ma babu.

"Shekara biyu. Zuciya ce."

"Haba Delphine. Da sai ki ce mini mana."

"In ce maka me? Ka zo ka karɓe?"

Ya murza takardar hannunsa. Can ya ce, "Ji nan. Zan rubuta cewa iska ce ta kayar da alama, kuma gaskiya ne. Ki ci gaba da gangarowa abinki. Ni zan riƙa hawowa sau biyu a shekara in shafa ta wannan fuskar. Ba wanda zai ji."

Ta so ta karɓa. Wallahi ta so, har sai da idonta ya cika. Amma ta dubi hanyar masu katakon nan, yadda ta buɗe baki tana kiran mutane, ta tuna matar nan da karenta.

"Sau biyu a shekara," in ji ta. "Iska kuma sai ta jira ka? Bishiya ta faɗi a Yuni, ni in zo in tsallake ta ban sani ba, kai kana can sai Oktoba. Wancan karon mace ce mai ƙarfin ƙafa. Wani karon mai yara ne, ko tsohuwa irina." Ta girgiza kai. "Masu hawa su ne ke ɓata, Orrin. Wanda ba ya hawa ba shi da ta cewa a hanyar nan. Rubuta abin da ka gani."

"Delphine..."

"Rubuta, na ce. Kada ka sa in ji kunyar koya maka aiki."

Ta ciro gwangwanin fenti da buroshi daga jakarta. Ta gangara taku ashirin, ta juyo, ta sake hawowa a hankali tana duban inda ido ke sauka. Wani matashin itace ne a hagu, daidai bakin duwatsun. Ta kankare ɓawonsa da wuƙa, ta shafa tabo biyu, ta gyara gefensu da ɗan yatsa. Sannan ta rufe gwangwanin ta miƙa wa Orrin, har da buroshin.

"Ku ƙarasa sama, akwai sauran mil biyu da rabi, kuma ban san abin da za ku tarar ba. Ka sa mai wasiƙun a gaba, yana da ido, surutu ne dai ya yi masa yawa."

"Bari mu raka ki ƙasa."

"A hanyata? Tafi ka ba ni wuri."

Ta tsaya har suka haye duwatsun, muryar Wendell ta ɓace cikin itatuwa. Sannan ta juya ta kama gangara ita kaɗai, jaka ba nauyi, ƙirjinta ya saki. Baƙin ciki ne fal ranta, ba ta kuma yi ƙoƙarin ɓoye wa kanta ba. Tun daga kwanar har wurin motoci tabban suka riƙa tarbarta ɗaya bayan ɗaya, sababbi, shuɗi shar, daidai tsayin ido, ko ɗaya bai ɓace ba. Ta wannan fuskar, duk gandun babu hanyar da ta kai tata kyau.